Wai me ya sa tsofaffin finafinan yaƙin sama suka fi na yanzu shiga rai?

Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na sake zama na kalli Battle of Britain, fim ɗin 1969 kan yaƙin sama tsakanin Ingila da Jamus a 1940, karo na shida ko na bakwai ke nan, kuma wallahi har yanzu in aka zo wurin da jiragen Heinkel na Jamus masu jefa bam suka jeru a sama kamar an shuka su, ga Spitfire, jiragen faɗa na Ingila, suna gangaro musu ta gefen rana, sai in ji tsigar jikina ta tashi. Abin da nake so mu tattauna, me ya sa tsofaffin nan suke kama mutum haka alhali na yanzu sun fi su kyan hoto da sauti? Ni a wajena amsar ɗaya ce, jiragen na gaske ne. Kusan jirgi 100 suka tara saboda fim ɗin nan, waɗanda suke tashi kowanne da mutum a ciki yana tuƙa shi, in ya juya za ka ga nauyinsa, iska tana ɗan ɗaga shi tana sauke shi, layin nasu ma ba ya miƙewa sak, wani ya ɗan yi gaba wani ya ɗan yi baya yana ƙoƙarin kamo 'yan'uwansa. Wannan ɗan rashin daidaiton shi ne kwamfuta ta kasa kawo mana har yau.

Nura: Wa alaikumus salam. Ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni sautin ne ma kawai, ƙarar Merlin, injin Spitfire, in ya wuce ƙasa-ƙasa, nakan mayar da wurin baya sau uku sau huɗu.

Khalifa: Yaya Bashir ina girmama ka amma maganar "na gaske" ɗin nan a ɗan sassauta ta. Messerschmitt ɗin da ke cikin fim ɗin a matsayin jiragen faɗan Jamusawa ai ba ƙirar Jamus ba ne, ƙirar Sifaniya ne, Buchón ake ce musu, su ma Heinkel ɗin daga rundunar saman Sifaniya aka samo su. Stuka kuwa, jiragen Jamus masu dulmiyowa su saki bam, ko ɗaya ba a tashi da shi ba, ƙananan samfura ne da ake tuƙawa da rimot. To in za a yarda da wannan dabarar me ya sa ba za a yarda da ta kwamfuta ba? Duk ruɗin ido ne, kowane zamani da kayan aikinsa.

Bashir: Na san da haka Khalifa, ban ce an tono su daga 1940 ba. Amma Buchón ɗin ai gangar jikin Messerschmitt 109 ce, fiffiken shi ne, wutsiyar ita ce, matsattsun tayoyin nan da suke wahalar da matuƙa wajen sauka su ne. Inji kawai aka canza.

Malam Habu: To bari in shigo nan tunda an zo kan inji, shekara kusan talatin ina kwance inji ina ɗaurawa duk da dai na mota ne. "Inji kawai" ɗin da ka ce Bashir ba ƙaramin abu ba ne, shi ya canza wa jirgin fuska gaba ɗaya. Na Jamus na asali, Daimler-Benz 601, silinda 12 ne amma a kife aka ɗaura shi, kawunan silindojin suna kallon ƙasa, shi ya sa hancin jirgin ya fito siriri kuma bututun hayaƙinsa suke can ƙasa kusa da gindin fiffike. Shi kuwa Merlin na Rolls-Royce a tsaye yake, silinda 12 shi ma, lita 27. Da Sifaniyawa suka saka shi sai bututun hayaƙin suka hau sama, aka kuma yi masa wani ƙaton maƙogwaro a ƙarƙashin hanci. Ku tsayar da fim ɗin daidai inda jirgin ya nuna gefensa ku duba, in ka ga hayaƙi a sama da maƙoƙo a ƙasa to Buchón ne. Abin da ya fi ba ni mamaki, a fim ɗin nan da masu kai hari da masu karewa duk inji iri ɗaya ne a cikinsu, har Heinkel ɗin Merlin ne.

Nura: Kai Malam Habu! Ashe ƙarar da nake ta mayarwa baya, har ta "Jamusawan" ma Merlin ce.

Malam Habu: Ita ce Nura. Kuma akwai wani bambanci da fim ɗin ba zai iya nuna maka da waɗannan jiragen ba. Merlin na 1940 da kabureta yake aiki, mai ɗan kwano da abin da ke yawo a saman mai kamar dai na tsohuwar mota. In matuƙi ya danna hancin jirgi ƙasa da ƙarfi sai man ya tashi sama a cikin kwanon, inji ya yi tari ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan kuma mai ya yi masa yawa. Na Jamus famfo ne yake fesa mai kai tsaye cikin silinda, babu ruwansa da sama ko ƙasa. Don haka Bajamushe in ya ga an biyo shi sai kawai ya dulmiya ƙasa, shi kuwa na Ingila sai ya fara kifa jirginsa tukuna sannan ya bi, kafin nan wancan ya ba shi rata. Wata injiniya ce, Beatrice Shilling, ta kawo maganin wucin gadi a 1941, ɗan faifan ƙarfe mai huda a tsakiya da aka saka a hanyar mai don kada ya wuce ƙima. Abu kamar wasa, ƙaramin wanda za ka riƙe da yatsa biyu, amma ya ceci mutane.

Zainab: Malam Habu Allah ya ƙara basira, yau na fahimci abin da na daɗe ina gani ban gane ba, yadda suke kifewa kafin su gangara. Ni kuma ƙorafina a kan finafinan nan daban ne, kowa Spitfire Spitfire, an manta da Hurricane, ɗayan jirgin faɗan na Ingila. A yaƙin nan na Yuli zuwa Oktoba 1940 Hurricane sun fi yawa kuma su suka kakkaɓo fiye da rabin jiragen Jamus da aka harbo. Runduna ta 303 ta 'yan Poland da ta yi suna wajen yawan harbo jirage, Hurricane suke tuƙawa. Amma saboda Spitfire ya fi kyan fiffike shi ke nan ya kwashe yabon.

Bashir: Gaskiya ne Zainab, sai dai a yi wa masu fim ɗin uzuri, a lokacin Hurricane 3 kacal suka samu masu iya tashi, Spitfire kuwa 12. Su ma Spitfire ɗin in kika lura wasu farfelarsu mai ganye huɗu ce, ƙirar baya ce, ba ta 1940 ba.

Zainab: Na yarda da uzurin. Amma ka duba, an ƙera Hurricane wajen 14,500, a ce bayan shekara 29 kacal sai guda uku ake iya tashi da su, wannan ya nuna maka wanda aka damu a adana. Ni ina son jirgin nan ne saboda bayansa ƙarafa ne da katako aka lulluɓe da yadi, harsashi ya kan ratsa ya wuce bai fasa komai ba, makanikai su liƙe hudar a filin jirgi ya koma sama. Spitfire fatar ƙarfe ce, in ta yage aiki ne babba. Na haɗa ƙaramin samfurin Hurricane na roba kwanaki, sai da na zo fentin bayan na ga layukan haƙarƙarin da ke ƙarƙashin yadin an fito da su ɗaya bayan ɗaya, na daɗe ina shafa su da yatsa kafin in sa fenti.

Sadiq: Ni dai duk abin da za ku ce Spitfire ya fi kyau, kuma wanda ya zana shi, R. J. Mitchell, ya rasu a 1937, shekara ɗaya bayan tashin jirgin na farko a watan Maris 1936, bai ga ko rana ɗaya ta yaƙin ba. Wannan kaɗai yana taɓa ni.

Khalifa: Har yanzu ba a ba ni amsa ba fa. To ga Tora! Tora! Tora! na 1970 da kuke yabo kullum, Zero ɗin ciki, wato jiragen faɗan Japan, ai jiragen koyon tuƙi ne na Amurka, T-6, aka yi musu kwaskwarima aka shafa musu jan da'ira. Wanda ya san Zero yana gani zai gane. Da kwamfuta kuwa za a zana maka shi daidai har ƙusa.

Bashir: To Khalifa tunda ka kawo Tora, je ka kalli wurin da aka kai hari filin jirgi, inda wani P-40, jirgin faɗan Amurka, ya ƙwace ya bar hanyarsa yana ci da wuta ya afka cikin jerin jiragen da ke ajiye, mutane suna gudu suna faɗuwa farfela tana tsalle a bayansu. Ba haka aka tsara ba, abin ne ya ƙwace musu, gudun da ka ga suna yi gudun ceton rai ne na gaske kuma aka bar shi a fim ɗin. Haka B-17 ɗin nan, babban jirgin bam na Amurka, da ya sauka da taya ɗaya, tayar ce ta maƙale da gaske ana cikin ɗauka. Ka zana mini Zero har ƙusa, na gode, amma mai zanen ya riga ya san abin da zai faru a daƙiƙa ta gaba, shi ya sa komai yake fitowa sumul. A nan kuwa babu wanda ya sani, har mai riƙe da kyamara, kuma ido yana gane hakan ko da mutum bai iya faɗin dalili ba.

Nura: Kuma a na kwamfuta kyamarar takan bi harsashi ko bam tun daga sama har ƙasa, ta ratsa tsakanin fiffike da fiffike, inda babu jirgin ɗaukar hoto da zai iya shiga. Da na ga haka sai zuciyata ta fita daga fim ɗin. A Battle of Britain wani jirgi ne ƙirar B-25 aka yi wa fenti kala-kala don matuƙa su riƙa hango shi, masu kyamara suna hanci da wutsiyarsa, duk abin da ka gani daga inda mutum zai iya zama aka ɗauke shi.

Khalifa: Wannan maganar ta kyamara na karɓa Yaya Nura, ta shige ni. Amma ina da wata, kuma ba don musu nake yi ba. Jiragen nan tsofaffi ne, kaɗan suka rage, matuƙan kuma mutane ne masu iyali. A Hell's Angels na Howard Hughes, 1930, matuƙa uku da makanike ɗaya suka mutu wajen ɗauka. Ni ban ga fim ɗin da ya kai ran mutum huɗu ba. In kwamfuta za ta hana wannan to ni ina bayanta ko da hoton ya rage armashi.

Zainab: A nan kam ina tare da Khalifa.

Bashir: Ni ma ban musa ba, wallahi ba na fatan a sake irin na Hughes. Abin da nake cewa akwai tsaka-tsaki. Dunkirk na 2017 ai ya nuna ana iyawa, Spitfire na gaske suka tashi da su a kan teku, aka sami wani jirgin Yak mai kujera biyu aka gyara shi ya yi kama da Spitfire don a ɗauki ɗan wasa a sama da gaske, kuma abokin gabar nasu Buchón ne dai, irin wancan na 1969.

Malam Habu: Dunkirk ya yi ƙoƙari, na ji daɗin yadda suka nuna matuƙi yana lissafin mai da alli a jikin allon gabansa, da yadda saiti yake wahala, jirgin gaba yana zamewa daga cikin madubin saiti kana binsa kana rasa shi. Amma abu biyu suka tsaya mini. Na farko harsashi, Spitfire na lokacin bindiga 8 gare shi, kowace da harsashi 300, in ka danne maɓallin ba ka ɗaga ba cikin daƙiƙa 15 ko 16 ka ƙarar, a fim ɗin kuwa an yi ta harbi. Na biyu a ƙarshe da jirgin yake ƙonewa a bakin teku, da wuta ta cinye murfin gaba sai ga farfela a maƙale jikin sanda, babu inji a ciki. Merlin ƙarfe ne mai nauyin fiye da rabin tan, ba ya ɓacewa a wuta. Ni da na ga wurin nan sai da na dafe kai.

Sadiq: Malam Habu ido gare ka! Ni sai yanzu zan je in duba.

Baba Idi: Sannunku yara, tun ɗazu nake karanta ku ina jin daɗi. Ni na fara ganin finafinan nan tun ina saurayi, kuma abin da ya zauna mini a rai ba jiragen ba ne duk da ina son su. Ku nemi Twelve O'Clock High na 1949, baƙi da fari ne, Gregory Peck ya fito a kwamandan rundunar B-17 ta Amurka a Ingila. Faɗan sama kaɗan ne a ciki kuma wanda aka nuna hoton yaƙi ne na ainihi da aka ɗauka lokacin yaƙin. Sauran duk a ƙasa ne, mutanen da suke tsaye a filin jirgi suna ƙirga masu dawowa, da shugaban da yake tura samari kullum ya san wasu ba za su dawo ba, har ranar da jikinsa ya ƙi, ya zo hawa jirgi hannunsa ya kasa ɗaga shi. Ku tuna a harin da Amurkawa suka kai garin Schweinfurt na Jamus ranar 14 ga Oktoba 1943 jirage 291 suka tafi, 60 ba su dawo ba, kowanne da mutum goma a ciki. A yini ɗaya. Waɗanda suka yi finafinan nan da waɗanda suka fara kallonsu sun san mutanen, wasu ma su ne da kansu, shi ya sa ba su yi wasa da abin ba.

Bashir: Ranka ya daɗe Baba, ka kawo abin da ban kawo ba. Har a Battle of Britain ɗin ma Adolf Galland, wanda ya yi yaƙin a ɓangaren Jamus, yana cikin masu ba da shawara, tare da matuƙan Ingila da suka yi faɗa da shi.

Baba Idi: Haka ne Bashir. Kuma saukar da B-17 ya yi da cikinsa a farkon Twelve O'Clock High, ba tare da taya ba yana share tantuna, mutum ɗaya ne a ciki, Paul Mantz, shi kaɗai ya sauke wannan ƙaton jirgi mai inji huɗu. To ka ga da maganarka da ta Khalifa duk suna cikin wannan hoton guda.

Zainab: Baba asarar Schweinfurt ɗin ce ta sa dole aka nemo mai rakiya mai dogon zango ko? Don na san Mustang, jirgin faɗan Amurka, da farko da injin Allison ya fito, ba ya kataɓus a can sama, sai da aka saka masa Merlin da kamfanin Packard yake ƙerawa a Amurka, aka ƙara masa tankunan da ake yarwa, sannan ya iya raka su har Berlin a Maris 1944.

Baba Idi: Kin faɗa daidai 'yata. Kuma cikin masu rakiyar akwai baƙaƙen fatar Amurka na Tuskegee, runduna ta 332 ƙarƙashin Benjamin Davis, suna tashi daga Italiya da jajayen wutsiyoyi, a lokacin da sojan ƙasarsu bai yarda su zauna wuri ɗaya da farare ba.

Khalifa: Su ne na fim ɗin Red Tails, 2012. To a nan zan ba Yaya Bashir gaskiyarsa, labarin mutanen nan ya fi ƙarfin yadda aka yi jiragen a fim ɗin, suna juyi kamar ba su da nauyi, har na ji ina ma an rage yawansu an yi da na gaske ko guda huɗu ne.

Sadiq: Ba wanda ya ambaci The Dam Busters, 1955, na harin da Ingila ta kai wa madatsun ruwan Jamus. Ni shi ne nawa. Lancaster na gaske, manyan jiragen bam na Ingila, suna tafiya dab da ruwa, da dabarar fitilu biyu a ƙarƙashin jirgi da haskensu yake haɗuwa a kan ruwa in an kai ƙafa 60 daidai, da bam ɗin injiniya Barnes Wallis mai tsalle a kan ruwa kamar dutsen da yaro ya jefa. A lokacin da aka yi fim ɗin ma siffar bam ɗin sirri ce, shi ya sa wanda aka nuna bai yi kama da na ainihin ba, na ainihin kamar ganga yake kuma ana juya shi baya-baya kafin a sake shi. Fashewar ruwan da aka zana da hannu kam ta tsufa, kowa zai gani, amma tashin jiragen bai tsufa ba.

Baba Idi: Fim ne mai kyau Sadiq, kuma na yaba da ƙarshensa, da aka bi ɗakunan waɗanda ba su dawo ba ana nuna kayansu a ajiye, agogo yana ta bugawa babu mai shi. Jirage 19 suka tashi daren 16 ga Mayu 1943, 8 suka salwanta, mutum 53 cikin 133 suka mutu, shi kansa Guy Gibson da ya jagorance su shekararsa 24. Abin da fim ɗin bai nuna ba shi ne ƙasan madatsun. Da madatsun Möhne da Eder suka fashe ruwa ya ci mutane fiye da dubu, da yawansu ma ba Jamusawa ba ne, fursunoni ne da mata 'yan aikin tilas da aka kwaso daga gabashin Turai aka tsare a sansani a cikin kwarin. In kuna kallo ku riƙa tunawa da su su ma.

Sadiq: Wallahi Baba ban san wannan ba, na ɗauka masana'antu kawai ruwan ya ci. Zan sake kallonsa da wannan a raina.

Nura: Lancaster ɗin ma cikin 7,377 da aka ƙera biyu ne kawai suke tashi yanzu a duniya, ɗaya a Coningsby a Ingila ɗaya a Hamilton ta Kanada. A 2014 na Kanada ya tsallaka teku suka tashi tare, akwai bidiyon a YouTube, Merlin takwas a sama lokaci guda. Malam Habu wannan naka ne, ka sa abin kunne.

Malam Habu: Na gan shi Nura, ya fi sau goma. Ka saurari lokacin da suke tayar da injinan ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya yi tari ya tofar da hayaƙi kafin ya daidaita, in na huɗun ya kama sai ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya.

Khalifa: To ni yanzu wanne zan fara da shi cikin waɗanda ban gani ba? Twelve O'Clock High ko Dam Busters?

Baba Idi: Fara da Twelve O'Clock High ɗana, kuma kada ka tsallake farkon, inda mutumin ya jingine kekensa ya shiga tsohon filin jirgin da ciyawa ta cinye.

Khalifa: To Baba, daren yau in sha Allah. Malam Habu gobe zan dawo maka da tambaya a kan injin B-17, na ga shi zagaye yake ba kamar Merlin ba.

Malam Habu: Silinda 9 ne a jere kamar tauraro, iska ce take sanyaya shi ba ruwa ba, shi ya sa yake jure harbi. Ka kalla tukuna, goben sai mu buɗe shi.